Albashi ko jinga: wanne ya dace da kai, mai aiki da mai ba da aiki?

Akwai wani Alhaji mai shago biyu a Kantin Kwari da ke da yaro mai kula masa da shafukan Facebook da Instagram. Yaron ne ke ɗaukar hoton atamfa da leshi, shi ke amsa saƙon matan da ke oda daga Abuja da Maraɗi, shi ke haɗa ɗan bidiyon talla idan sabon kaya ya sauka. Shekara biyu ke nan suna tare. Ƙarfe tara yana bakin shago, ba ya tashi sai an ja ƙofa. Wayar da yake aiki da ita ta Alhaji ce, data ma Alhaji ke sa masa, kuma kuɗin da ke shigo masa ƙarshen wata bai taɓa canzawa ba. Na tambayi Alhaji ko ma'aikacinsa ne, sai ya ce, "Haba Malam, wane irin ma'aikaci? Ai jinga muke yi da shi." Shi kuwa yaron, da na juya gare shi, gyara tsayuwa ya yi ya ce shi firilansa ne, wato mai zaman kansa da ke karɓar aiki daga kowa.

Da za a je gaban alƙalin kotun ƙwadago, ina kyautata zaton su duka biyun za su sha mamaki. Doka ba sunan da kuka raɗa wa hulɗarku take dubawa ba, yadda kuke tafiyar da ita take dubawa.

Bambancin nan ba Bature ne ya kawo mana shi ba. Idan ka ɗauki ɗan ƙwadago ya yi maka noma daga safe zuwa azahar, lokacinsa ka saya. Ko ya gama gonar ko bai gama ba, ladan yininsa ya tabbata. Idan kuwa jinga kuka yi, ka ce nome min gonar nan a kan kaza, to aikin ka saya. Ya zo da asuba ko da hantsi, ya zo shi kaɗai ko ya gayyato ƙannensa, babu ruwanka. Malaman fiƙihu ma a babin ijara haka suka raba: akwai wanda ya keɓanta da kai na wani lokaci, akwai kuma mai sana'ar da ke karɓar aikin kowa, irin tela da marini da maƙeri. A mazhabar Malikiyya har an ɗora wa irin wannan mai sana'a lamunin kayan mutane idan suka salwanta a hannunsa, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Wato wanda ya zaɓi zaman kansa ya zaɓi ɗaukar kasadar kansa. A kan wannan gwadabe dokar zamani take tafiya, illa dai ta ƙara fansho da haraji da hutu a kan lissafin.

Ma'aunin da lauyoyin Najeriya suka fi kafa hujja da shi ya fito ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 2008 a shari'ar kamfanin masu gadi na Shena Security da kamfanin Afropak. Kotun ta ce a duba ko albashi ake biya ko kuwa kuɗin aiki; a duba wane ne ke kawo kayan aiki; ko mutum na da ikon tura wani ya yi a madadinsa; ko an yanka masa lokacin zuwa da na tashi; ko a harabar mai aikin yake yi; ko an ba shi ofis. Babu guda ɗaya da ke yanke hukunci shi kaɗai, haɗa su ake yi a ga inda suka rinjaya. Gwada su a kan yaron Alhaji. Kuɗi na wata-wata, waya ta Alhaji, lokaci na Alhaji, shago na Alhaji, kuma ranar da ya turo abokinsa ya zauna masa, ranar zai ji abin da bai taɓa ji ba. Ina jingar take?

Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ƙwadago ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumin sauraron rikicin ma'aikaci da ubangidansa, kuma tana da reshe a nan Kano. Kotu ce da ta yi suna wajen fifita abin da ke faruwa a zahiri a kan abin da aka rubuta a takarda. Saboda haka rubuta "ɗan kwangila mai zaman kansa" a saman yarjejeniya ba laya ba ce.

To me ma'aikaci ke samu wanda ɗan jinga ba ya samu? A nan sai an yi hattara, don ana yawan kambama abin fiye da yadda yake.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa. Ta ba shi hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 da albashi bayan ya cika wata 12, da hutun rashin lafiya har kwanakin aiki 12 a shekara idan likita ya tabbatar. Mace na da hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashinta idan ta yi wata 6 tana aikin. Sallama kuma sai da sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Amma dokar tana da ƙunci. Ta fi karkata ga leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, ta cire masu shugabanci da ƙwararru. Mai rubuta manhajar kwamfuta ko akanta zai iya zama cikakken ma'aikaci amma wannan doka ba ta rufe shi ba. Abin da zai dogara da shi shi ne takardar ɗaukarsa aiki da kuma kotun ƙwadago. Akwai ma wani rukuni da ta cire wanda kai ka ce Kano aka duba aka rubuta shi: mutumin da aka ba kaya ya tafi da su gidansa ko wani wurin da mai kayan ba ya iko da shi, ya ɗinka, ko ya wanke, ko ya yi musu ado, ko ya gyara. Masu ɗinkin hula a cikin gida, masu wankin hula, masu aikin wuyan riga da ke karɓa daga dillalai, duk ba ma'aikata ba ne a idon wannan doka, ko da shekara goma suka yi da mutum ɗaya.

Haka ma mafi ƙarancin albashi. An sa hannu a kan naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Kano kuma ta amince da 71,000 ga nata ma'aikatan. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan masu aikin la'ada ko waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi ba. Masaƙa a Sharaɗa ko kamfanin robobi a Bompai ta shafe su. Shagon waya a Farm Centre mai yara huɗu ba ta shafe shi ba.

Inda bambancin ya fi tsoka shi ne fansho da diyya. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, mai ba da aiki na zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma a cire masa kashi 8, duk su tafi asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, wanda zai bi shi ko ya sauya wurin aiki. Dokar ta ambaci wurin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, kuma tana jawo layin ƙasa har zuwa masu ma'aikata uku. Akwai inshorar rai da ta kai ninki uku na albashin shekara, wadda magada za su karɓa idan ta Allah ta kasance. Sai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ba da aiki biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, domin wanda inji ya cinye wa yatsa ko ya yi haɗari a bakin aiki. Wannan ta fi sauran faɗi, don ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo. Ɗan jinga ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai ɗaukar hoton biki da ya faɗo daga kan tsani a wurin dina, tausayin mai biki kawai zai dogara da shi.

Bari mu sa lamba, don Bakano ya fi gane magana idan an buga ta a kalkuleta. A ce albashi naira 150,000 ne a wata, kuma dukansa ake lissafa wa fansho. Mai ba da aiki zai ƙara 15,000 na fansho da 1,500 na diyya, wato yaron na tsaya masa a kan 166,500, ban da inshorar rai da albashin kwanakin hutu. Shi kuma yaron za a cire masa 12,000 na fansho. Sai haraji: sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, sannan kashi 15 cikin ɗari a kan miliyan 2.2 da ke biye. Idan aka cire fansho daga miliyan 1.8 na shekara, aka cire 800,000, saura 856,000, harajinsu 128,400, wato 10,700 a wata. Abin da zai shiga aljihunsa 127,300 ne, wasu 27,000 kuma suna taruwa masa a asusun fansho duk wata.

A nan ne samari da yawa ke ruɗuwa. Idan aka ce wa mutum zaɓi tsakanin 127,300 da 150,000 cif a hannu da sunan jinga, zai ɗauka ya ci riba da na biyun. Bai ci ba. Ya bar 15,000 na ubangida, ya bar hutu, ya bar diyya, ya bar sanarwar sallama, kuma harajin bai gudu ba, kansa ya dawo. Wanda zai yi zaman kansa da gaske dole kuɗin aikinsa ya ɗauki nauyin kwamfutarsa, da data, da man janareta ko sola, da makonnin da babu aiki, irin bayan sallah lokacin da kowa ya kashe abin hannunsa. Idan kuɗin jingarka bai ɗara albashin mai irin aikinka da tazara mai kyau ba, to rangwame kake yi wa mai aikin ba tare da ya ko gode maka ba.

Harajin ɗan jinga kuwa tafiyarsa daban. Na ma'aikaci ubangida ke cirewa ya kai wa hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha kafin 10 ga watan da ke biye. Idan bai cire ba, shi za a kama. Ɗan jinga shi ke bayyana abin da ya samu da kansa kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara, amma yana da damar cire abin da ya kashe wajen yin aikin kafin a yanka masa haraji, damar da mai albashi ba shi da ita. Idan kamfani ko ƙungiya ya yi wa aikin ƙwarewa, za a riƙe kashi 5 cikin ɗari tun daga tushe: aikin 300,000 a ba shi 285,000. Na sha jin masu zane da masu fassara suna cewa an zaftare musu kuɗi. Ba zaftarewa ba ce, kafin alƙalami ne na harajinka, muddin ka karɓi takardar shaidar cewa an kai kuɗin da sunanka. Wanda ba shi da lambar haraji kuwa ninka masa ake yi. Ga fansho ma akwai ƙofa: tun 2019 PenCom ta buɗe tsari ga masu sana'ar kansu, mutum ya zuba gwargwadon ƙarfinsa, kullum ko mako ko wata. Sai dai babu mai tilasta maka, kuma mun san halinmu da abin da ba a tilasta ba.

Ta ɓangaren mai ba da aiki, jinga tana da zaƙi a fili. Babu fansho, babu hutu, babu jidalin sallama, aiki ya ƙare kowa ya kama gabansa. Akwai kuma maganar lamuni: idan ma'aikacinka ya yi ɓarna a bakin aikinka, misali direban shagonka ya buge wani a hanyar kai kaya, kai ma ana iya kama ka, idan kuwa ɗan jinga ne mai motarsa, galibi shi ke ɗauke da kayansa. Amma abin da ka bayar a madadin wannan sauƙi shi ne iko. Ba ka da hurumin ce masa kada ya yi wa maƙwabcinka aiki, ko ya zauna a shago jiran umarni, ko ya ajiye komai ya zo don ka kira. Mafi yawan rigimar da nake gani daga nan take tasowa: mutum na son ikon ubangida a kan farashin jinga. Kuma ranar da aka ɓata, idan kotu ta ce ma'aikaci ne, lissafin baya za a buɗe, fanshon da ba a zuba ba da harajin da ba a cire ba da kuɗin sanarwa. Dokar fansho ma ta tanadi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata a kan abin da aka ƙi zubawa.

Wurin kai ƙara ma ya bambanta. Ma'aikaci kotun ƙwadago zai nufa, ko ya fara da ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a sasanta. Ɗan jingar da aka hana kuɗinsa mai bin bashi ne kamar kowa, sai kotun majistare, ko kotun ƙananan basussuka, ko kotun shari'ar Musulunci. Ko ina ka je, tambayar farko ita ce ina shaida. A 2017 wasu direbobi sun kai kamfanonin tasi na manhajar waya, Uber da Taxify, gaban kotun ƙwadago a Legas suna neman a ce su ma'aikata ne, aka kori ƙarar a 2018, ba don kotu ta ce ba su da gaskiya ba, sai don ba su gabatar da isassun hujjojin yadda hulɗar take ba. Takwarorinsu na Ingila kuwa sun yi nasara a Kotun Ƙolin ƙasar a watan Fabrairun 2021, bayan an nuna cewa kamfanin ne ke yanka kuɗin tafiya, shi ke sa ido da tsarin ba da maki.

Tunda an ambaci waje, matasan da ke zaune a Tarauni ko Kabuga suna yi wa Turawa aiki ta shafukan neman aiki na intanet irin Upwork da Fiverr su sani dokokin can suna taɓa su ta bayan gida. A 2019 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar AB5, wadda ta ɗauki kowa a matsayin ma'aikaci sai in kamfani ya tabbatar da abu uku: ba ya iko da shi, aikin ba shi ne ainihin sana'ar kamfanin ba, kuma mutumin na da tasa sana'ar mai zaman kanta. An yi ta ne don kare direbobi, sai ta faɗa kan marubuta, saboda ta ƙayyade musu rubutu 35 a shekara ga jarida ɗaya. Kamfanin yaɗa labarai na Vox Media ya yanke hulɗa da ɗaruruwan masu rubuta masa, sai a 2020 aka cire wannan ƙa'ida. Kamfanonin sufurin kuwa suka samu aka keɓe su ta hanyar ƙuri'ar jama'a a watan Nuwamban 2020. A Ingila tun Afrilun 2021 an ɗora wa manya da matsakaitan kamfanoni alhakin tantance matsayin 'yan kwangilarsu. Wannan tsoron ne ya sa za ka ga Bature ya turo maka yarjejeniya mai shafi goma da ke nanata cewa kai ba ma'aikacinsa ba ne. Kariyar dokokinsu galibi ba ta iso wanda ke zaune a Kano ba, harajin Najeriya kuwa yana hawa kan dalolin da ka samu kamar yadda yake hawa kan naira.

Idan ni ne zan zaɓar maka, ga yadda nake gani. Kai mai aiki, ƙirga masu ba ka aiki. Idan mutum ɗaya ne, shi ke da lokacinka daga safe zuwa yamma, da kayansa kake aiki, to nemi takardar ɗaukar aiki. Sunan firilansa ba ya ƙara maka komai sai alfahari a majalisa. Idan kuwa kana da kwastomomi uku ko huɗu, kayan aikinka naka ne, kana iya cewa a'a ba tare da tukunyar gidanka ta mutu ba, jinga ta fi maka, kuma rufin samunka ya fi na mai albashi tsawo. Yi rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, samu lambar haraji, riƙa ba da takardar neman biya, kada ka taɓa aiki sai an ba da kafin alƙalami. Mai iyali da yawa ko mai larurar da ke kai shi asibiti a kai a kai ya ƙara auna maganar, don tabbacin ƙarshen wata yana da darajar da ba ta fitowa a kalkuleta.

Kai kuma mai ba da aiki, tambayi kanka ko aikin na da ranar ƙarewa. Zana tambarin shago, haɗa shafin intanet, ɗaukar bidiyon talla guda, binciken littattafan kuɗi na ƙarshen shekara, duk jinga ne. Biya, karɓi kayanka. Amsa kwastoma kullum, riƙe asusu, zama a kan kanta, waɗannan aikin ma'aikaci ne, kuma ɗaukarsa a fili ya fi maka araha a kan rigimar da za ta biyo baya.

Duk wadda kuka zaɓa, ku rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, amma mu nan da an fito da takarda sai a ce ba a yarda da juna ba. Shafi ɗaya ya isa: mene ne aikin, nawa ne, yaushe za a biya, gyara sau nawa ne kyauta, kuma wa ke da mallakar abin da aka yi. Wannan na ƙarshen shi ne ake mantawa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar haƙƙin ga wanda ya ƙirƙiri aikin sai in an yi yarjejeniyar akasin haka, kuma miƙa haƙƙin ba ya inganta sai a rubuce. Masu shirya fim a titin Gidan Zoo sun san zafin wannan tsakaninsu da marubuta da mawaƙa. Biyan kuɗin hoto bai zama lallai ya mallaka maka hoton ba.

Da na zo nan a bayani sai Alhaji ya ajiye carbinsa. "To Malam, shafin fa? Ai nawa ne, sunan shagona ne a kai."

Na tambaye shi da imel ɗin wa aka buɗe. Ya juya ya kalli yaron, yaron kuma ya duƙar da kai yana goge fuskar waya da gefen rigarsa.